Ƙarar da ke Ƙarƙashin Jif

Da la'asar sakaliya mijin yayar wani makanike ya sake kawo masa jif ɗinsa gareji, karo na uku a mako guda. Tsohuwar mota ce mai jan ƙafa huɗu, da ita yake zuwa gona. Makaniken, wanda kowa ke kira Injiniya, ya riga ya canza mata boris, ya zuba sabon mai a giyabos, ya ɗaure duk notin da hannu zai kai. Amma mai motar ya ce har yanzu tana wani irin kuka.

"Injiniyan ƙarya," in ji mijin yayar. "Da yayarka na ba wa gyaran nan, da tuni ta gama."

"Ai a gabana lafiya lau take, Yaya. Yaushe take kukan?"

"Sai na sa ogzilari, ƙafafun gaba sun kama. Kuma sai a hanyar gona."

"To ciwon da ke jin kunyar likita, gida ake bin sa. Mu je."

Rana ta yi ja lokacin da suka sauka daga kwalta. Hanya ce ta yashi, ƙaya dama da hagu, babu ko mai keke. Mijin yayar ya ja ƙaramar giyar nan ta ogzilari, motar ta yi nishi ta kama.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Injiniya ya kasa kunne. Boris in ya mutu gurnani yake yi. Haƙoran giya in sun cinye, kuka suke kamar injin niƙa. Wannan daban ne.

"Ƙara wuta."

Ya ƙara. Ƙarar ba ta ƙara sauri ba.

"Taka kuloci."

Ya taka. Tana nan yadda take.

Da suka gangara wani busasshen rafi, ƙarar ta yi ƙarfi har ƙasan motar yana rawa. Injiniya ya ce a tsaya.

"Ba nan ba," in ji mijin yayar. Gumi ya jiƙa masa wuya. "Mu ƙara gaba kaɗan."

"A nan ta fi kuka, a nan zan duba ta."

Injiniya ya miƙa hannu ya kashe injin, ya zare makulli ya jefa a aljihunsa, ya ja hambirki, ya tokare tayoyin da duwatsu. Dabararsa mai sauƙi ce: zai kwance farfelar gaba, sandar ƙarfen da ke juya ƙafafun gaba. In ƙarar ta ɗauke, an kama mai laifi. Ya kwanta rigingine ya shige da tocila da sifana.

Warin giris. Warin mai mai zafi. Bayan su kuma wani wari, kamar an babbaka gashi a kan ruɓaɓɓen nama.

Ya kwance notuna, ya sauke farfelar a yashi kusa da kafaɗarsa. A gaɓarta akwai gashi a nannaɗe, baƙi, dogo. Shekaranjiya da hannunsa ya wanke wurin nan. Ya ja gashin. Da ɗumi. Ya haska yatsunsa, jini ne.

"Yaya," ya ce a hankali, "me ka taka?"

Muryar mijin yayar ta sauko ta ƙofar direba, da ƙyar ake ji.

"Wancan makon ne. A nan, war haka. Wani abu ƙarami, kamar ɗan akuya. Motar ta tokare da shi kamar ta daki dutse. Na sa ogzilari na haye. Kukan da ya yi ba na dabba ba ne. Ban waiwaya ba."

Ƙwas.

Injin a kashe. Farfela a ƙasa.

Ƙwas.

Injiniya ya ɗaga tocilar. Tsakanin ƙarfen ƙafafun gaba da gindin injin akwai wani lungu da hannu ma da ƙyar yake shiga. A nan fuskar take, a matse. Fuskar mace. Idanunta a tsage daga sama zuwa ƙasa. Haƙoranta take bugawa a jikin ƙarfen.

Ta daina. Ta dube shi.

"Ba da kai nake ba," ta ce da raɗa. "Matsa."

Da ya matsa, da shi ke nan. Amma ya tuna yayarsa da 'ya'yanta huɗu.

"Yaya, gudu!"

Farfelar ta tashi da kanta ta sauka a damtsen Injiniya. Ya ji ƙashin ya karye kamar busasshen kara. Ta sake tashi, ta sauka a haƙarƙarinsa. Bakinsa ya cika da jini.

Mijin yayar bai gudu ba. Ya diro, ya kama ƙafafun Injiniya, ya fizgo shi waje.

Sai wani hannu ya biyo, siriri, mai gaɓoɓi da yawa. Ya damƙi idon sawun mijin yayar. Ya faɗi rub da ciki. Yatsunsa suka ja layi goma a yashi, ya shige ƙarƙashi.

Makullin yana aljihun Injiniya. Duk da haka motar ta haye duwatsun.

Gaba. Baya. Gaba.

Ihun bai kai na uku ba. Abin da ya rage sai ƙarar abu mai laushi a ƙarƙashin taya.

Injiniya ya miƙe, hannu yana reto, yana karanto duk ayar da ta zo bakinsa. Ya yi ta gudu har ƙafarsa ta taka kwalta. A nan wani direban tifa ya tsince shi.

Yayarsa ta tambaye shi sau ɗaya, a asibiti. Ya ce hambirki ne ya saki. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta sake tambaya ba. Hannun ya warke a karkace, kuma tun daga nan bai ƙara shiga ƙarƙashin mota ba, sai aikin waya da fitilu.

Dangi suka sayar da jif ɗin ga masu kayan gyara, aka yanka ta gunduwa-gunduwa, aka watsa a kasuwa. Ya roƙe su a ƙona ta. Suka ce zafin ciwo ne ke sa shi sambatu.