Tubalin Gidan Gona

Ana dab da kiran magariba, Jawahir na kwashe tuwo, sai wani abu ya faɗo tsakar gida ya tarwatse a kan tayil. Tubali ne na jar ƙasa, mulmulen hannu, har da sawun yatsu a jikinsa. Gidansu na Fagge kuwa bulo ne da siminti, haka ma na maƙwabta. Kafin a idar da salla guda bakwai sun faɗo, ba wanda ya ga hannun da ya jefo su.

Mijinta, Alhaji Abdulƙahhar, yana dawowa daga Kantin Kwari ya ɗauki ɓari guda ya murza. Ya san ƙasar nan. Da ita kakansa ya gina gidan gona wajen Gezawa lokacin da ya zo daga Borno: zaure mai ɗaurin guga, zankwaye huɗu a kan soro, rufin azara, bango shafe da makuba. Kowace shekara in damina ta wuce sai an yi masa yaɓe. Alhaji ya gaji da wannan hidima, bara ya kai katafila ta baje gidan a wuni ɗaya don ya gina wurin kiwon kaji. Dattawan ƙauyen sun ce masa ba a rushe tsohon gida sai an yi wa mazaunansa na ɓoye sallama kwana uku. Ya ce shi ba ya da wannan lokacin. Azarar da ƙyauren ya sayar wa Innocent, wani kafinta a Sabon Gari.

Mutum ɗaya ya ɓoye wa, mahaifiyarsa Yakaka, wadda a gidan aka haife ta, yanzu kuma idonta ya tafi. Takan tambaya, "An yi yaɓen bana?" Shi kuma ba ko kunya yakan ce an yi.

A magariba ta huɗu da fara faɗowar tubalin, ƴarsu Ni'ima ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Da ta farfaɗo ta daina ci, ta daina magana, sai ta zauna tana shafa bango da tafin hannu kamar mai yaɓe, har fatar ta saɓule. Jawahir ta yi kuka ta gaji. Aka je unguwar Kwaciri aka ɗauko Malam Ari, tsohon malami da ya san wannan aiki.

Malam ya daɗe yana karatu. Can yarinyar ta ɗago, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta, a sanyaye.

"Ya isa, Malam. Muna jin Ƙur'ani, mu ma Musulmi ne."

"To me ya kawo ki jikin yarinyar da ba ta yi miki komai ba?"

"Shekara casa'in muna cikin soron nan. Ba mu taɓa tsorata ko ɗan akuya ba. Rana tsaka aka kifo mana rufi a ka, ba sallama."

Malam ya juya ya dubi Alhaji. Alhaji ya ce zai koma wurin Innocent ya karɓo ƙyauren da abin da ya saura na azara.

"Ƙyaure ba bango? Riƙe kayanka. Abu ɗaya nake so. Yakaka a gabanmu ta yi rarrafe. Kullum muna jin ƙaryar da ake mata. Ka gaya mata gaskiya da bakinka, in fita."

Malam ya ce wannan ba ya cikin hakkinta, ya ci gaba da karatu. Ni'ima ta fara buga kai da bango. Alhaji ya riƙe hannun Malam, ya miƙe da ƙyar ya nufi ɗakin mahaifiyarsa.

Ya durƙusa a bakin gado ya faɗa mata duka. Ba ta katse shi ba, carbinta kawai ya tsaya.

"Zauren ma?"

"Har shi, Inna."

"Mazaunan ɓoyen fa, ka yi musu sallama?"

"Ban yi ba."

"Ashe ni da su ɗaya ka ɗauke mu."

A tsakar gida Ni'ima ta yi atishawa sau uku, ta ce a ba ta ruwa. Tubali bai sake faɗowa ba.

Yakaka ta ƙara shekara biyu a duniya. Sunan mahaifinta aka sa wa Alhaji, shi ya sa tun yana goye Babana take ce masa. Daga wannan magariba har ta koma ga Allah, in ya shigo gaishe ta sai ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji," kamar yadda kowa yake ce masa a kasuwa.