Fasfon Malama

Hantsi ya ɗaga lokacin da motar 'yan sanda ta tsaya a bakin wani lungu da ke bayan babbar tasha. Sufeto ta bar Kofur a mota, ta haye benen ita kaɗai. Masauki ne na matafiya masu ƙaramin ƙarfi, inda mutum yake kama gado maimakon ɗaki, ya yi tarayya da baƙi a banɗaki da kicin.

Ɗakin mata yana hawa na biyu. Gadaje ne masu hawa biyu, an jera loka ta ƙarfe a jikin bango, tawul da ɗankwali sun yi layi a kan igiya. Wadda ta kai ƙara tana zaune a gefen gado, idanunta sun yi ja. Malamar firamare ce daga wata ƙasa, ta zo hutu ita kaɗai don ta ga birnin da ta daɗe tana koya wa yara sunansa.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Fasfo ɗina, ranki ya daɗe. Gobe jirgina zai tashi."

"Sai me kuma?"

"Shi kaɗai."

Sufeto ta duba lokar. Kwaɗon lafiya lau yake, ba a taɓa shi da ƙarfe ba. A ciki ga waya, ga jakar hannu, ga agogo, duk suna nan.

"Ina kike ajiye makulli?"

"A wuyana. Ba na cire shi sai in zan shiga wanka, in tura shi ƙarƙashin filo."

"Wa ya san haka?"

Malama ta share ido da gefen mayafi, kusa da wata tawadar Allah da ke kumatunta na hagu. "Duk wadda ke ɗakin nan za ta iya gani. Mu uku muka rage. Ni, da Anti mai turare, da ƙanwata da ke gadon ƙasa."

"Ƙanwarki?"

"Haka nake kiranta. 'Yar ƙasarmu ce, a nan muka haɗu. Har cewa ake muna kama. Ita kam cire ta, ranki ya daɗe. Ita ta nuna min motar da zan hau, ita ta hana a cuce ni a kasuwa."

Sufeto ta sauko ƙasa wurin Manaja, wani dattijo mai tabarau, an ɗaure ƙafar tabarau ɗin da zare.

"Baba, kyamarar can tana aiki?"

"Tana yi mana."

"To kunna min."

Manaja ya sosa ƙeya. "Wato dai, ta ɗan kwana biyu tana hutawa."

"Duk baƙinka suna da takardun shaida?"

"Kowa da kowa."

"Baba, ƙaryar farko na yafe. In na roƙi kowace mace ta nuna min nata yanzu, zan same su cif?"

Dattijon ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Akwai ɗaya. Yarinyar gadon ƙasa. Da ruwan sama ta shigo nan, ba jaka, ba takarda, takalmin ma wari da wari. Ina da 'ya sa'arta. Na ce ta riƙa wanke zannuwan gado ta kwana. Ban tambaye ta daga ina take ba, don kada ta ba ni amsar da za ta sa in kore ta."

A kicin Sufeto ta sami Anti mai turare, wata ƙatuwar mace mai fatauci, tana zuba shayi a kofi. Ƙamshinta ya rufe na abincin kowa.

"Ina kike lokacin da Malama ta shiga wanka?"

"Ni? Tun da sassafe na fita kasuwa."

"An yi ruwa da safe. Takalmanki na bakin gado a bushe suke, ba ko ɗigon taɓo."

Anti ta ajiye kofin. "To, ina nan. Ina bayan labulen gadona ina ɗura turare a kwalabe. Manaja ya hana ciniki a ɗaki, shi ya sa na ce na fita. Amma ni me zan yi da fasfon wata? Ki dube ni ki dube ta. Ko makaho ne a bakin iyaka ai sai ya tare ni."

"Me kika gani?"

"Ban gani ba, ji na yi. An buɗe loka an rufe, na ɗauka mai ita ce. Amma tunda bincike kike, ki binciko min wadda ta cinye min jagira. Sabuwa fil na ajiye a gaban madubi shekaranjiya, na dawo na tarar da bakinta ya dakushe. Malama ba ta kwalliya. Waccan kuwa ko mai ba ta shafawa, amma kwanan nan kullum tana gaban madubi."

Sufeto ta hau rufin bene, inda ake shanya. Yarinyar tana can tana matse zanin gado. Siririya ce, tsayinsu ɗaya da Malama, hancin ma iri ɗaya. Da ta ga kaki sai zanin ya suɓuce mata ya faɗa cikin bokiti.

"Sannu da aiki," in ji Sufeto. "Kin shiga ɗaki da safe?"

"A'a. Ina nan tun da gari ya waye."

"Cikin ruwan sama kike shanya?"

Yarinyar ta sunkuya ta tsamo zanin.

Sufeto ta matso, ta zaro farin hankici daga aljihu. "Tsaya, akwai abu a fuskarki." Ta goga a kumatunta na hagu, ta nuna mata. Baƙin jagira ya fito a jiki.

"Kin wanke, amma bai fita duka ba. Daidai inda tawadar Malama take."

Yarinyar ta zauna a kan wani bokiti da aka kife. Ta daɗe tana kallon hannayenta, waɗanda sabulu ya cinye. Daga nan ta kwance bakin zaninta ta fito da fasfon, an naɗe shi a leda don kada ya jiƙe.

"Ina naki?" Sufeto ta tambaya.

"Yana hannun matar da na yi wa aiki. Tun ranar da na sauka ta karɓe, ta ce za ta adana min. Na nemi tafiya gida ta hana. Na nemi fasfo ta ce sai na cika shekarun aikin da ban san na ɗauki alkawarinsu ba. Ƙofa ma kulle ta take yi in za ta fita. Ranar da ta manta, na gudu."

"Me ya hana ki zo wurinmu?"

"Ta ce in na je, ni za a kama. 'Yata tana wurin mahaifiyata. An kwantar da mahaifiyar tawa a asibiti, yarinyar tana hannun maƙwabta. Da yamma mota za ta tashi zuwa iyaka. Na ce in na tsallaka zan aiko wa Yaya abinta. Ita za a iya yi mata wani, tana da kowa. Na san ban kyauta ba."

Malama tana tsaye a bakin matakala, ta ji komai. Sufeto ta miƙa mata fasfon. Ta karɓa, ta riƙe, ba ta ko buɗe ba.

"Da kin gaya min," ta ce a hankali. "Tare muke cin abinci, ƙanwata. Da kin gaya min."

"Na ji kunya, Yaya."

Malama ta juyo. "Ranki ya daɗe, na janye ƙarata."

"Za ki faɗi haka a rubuce a ofis, kuma zai taimake ta," in ji Sufeto. "Amma tafiya da ita dole ne. Ba ta da takarda, kuma in na bar ta a nan, gobe wani zai kama ta, wanda ba zai tsaya ya saurare ta ba."

Ba ta sa mata ankwa ba. Suka sauko a jere. Manaja ya juya baya yana gyara makullan da ba su buƙatar gyara. Anti mai turare ta biyo su har ƙofa, ta tura wa yarinyar mayafi da takalma a leda, tana mita cewa ai ba a shiga ofishin hukuma kamar an fito daga wanki.

Kofur ya buɗe ƙofar baya, yarinyar ta shiga ta takure a gefe. Sufeto ta zauna kusa da ita.

"Ofis, ranki ya daɗe?" in ji Kofur.

"Tukuna." Ta dubi yarinyar. "Gidan da kika yi aiki, za ki gane hanya?"

Yarinyar ta ɗago kai. "Zan gane."

"To can za mu fara biyawa. Akwai wani fasfo da aka sace a garin nan, kuma ba a kawo min ƙararsa ba sai yau."

Kofur ya tayar da mota.