Ƙararrawar da Ba Ta Kaɗa Ba

Da safiyar Alhamis aka kira Insfekta Lorcan Devane zuwa majalisar ƙasa a Dublin, wai an yi sata. Ya tambayi me aka sace, aka ce masa ƙararrawa. Ya ajiye kofin shayinsa ba don ya so ba. Ya bi sawun ɓarayin motoci, ya bi na tumaki, amma bai taɓa jin wanda ya rasa abin sata sai ƙararrawa ba.

Sai dai wannan ba ta wasa ba ce. In za a jefa ƙuri'a, ƙararrawa ce ke kaɗawa a kowane lungu na ginin, 'yan majalisa su ruga zaure, sannan a kulle ƙofofi. Wanda ya makara ya makara ke nan, ko da Firaminista ne.

Jiya da la'asar aka jefa ƙuri'ar yanke ƙauna ga gwamnati. Mutum ɗaya na gwamnati bai zo ba, Donal Culhane, wanda matarsa ke kwance rai a hannun Allah a can yammacin ƙasar. 'Yan adawa har sun fara murna: za su kayar da gwamnati da ƙuri'a ɗaya, Firaminista ya tafi wajen Shugabar Ƙasa a rushe majalisa, a sake zaɓe. Sai ga shi su ma tasu ɗaya ba ta iso ba. Aka yi kunnen doki, Kakaki ya raba gardama da tasa ƙuri'ar, gwamnati ta sha da ƙyar.

Wadda ba ta iso ba ita ce Breda Hession. Ofishinta ne kaɗai a ƙuryar benen sama, kuma ƙararrawar da ke saman ƙofarta ta yi ɓatan dabo.

Ronan Slattery, bulaliyar 'yan adawa, wato mai tabbatar da kowa nasu ya zo ya bi layin jam'iyya, shi ya tare Insfekta a wurin, wuyansa ya yi jawur don fushi.

"Aikin gwamnati ne, Insfekta! Kuma mun san hannun da suka aika. Fintan Mulqueen, tsohon da ke kula da benen nan. An riga an dakatar da shi. Ni so nake in gan shi gaban alƙali."

Devane ya ɗaga kai ya dubi wayoyi biyu da ke reto a bango. A bakin taga an jera kusoshin ƙararrawar reras, kada wani ya taka. Ɓarawo ne mai tarbiyya. A kan fatar kujerar da ke gefe kuwa akwai wani ɗan loɓawa zagayayye, bai fi girman maɓallin riga ba.

"Na ji kuna da wata al'ada," in ji Devane. "In ciwo ko mutuwa ta hana wani zuwa, sai ɗaya ɓangaren su zaunar da nasu mutum ɗaya, kada a ci ribar masifar wani. Ba a yi wa Culhane haka ba?"

"Ba doka ba ce, alfarma ce. Kuma ba wanda ya roƙe ni."

Ya faɗi haka yana kallon agogonsa, ba fuskar Insfekta ba.

Breda Hession gajeriyar mace ce, ta haura sittin, mai bakin da ministoci ke tsoro. Devane ya same ta tana ninke baƙar riga a jaka.

"Ban ji komai ba," ta ce kafin ya zauna. "Muhawara ta yi tsawo, na hau nan ina jiran ƙararrawa. Wayata ba caji. Kafin in farga an kulle ƙofa."

"Kin san Donal Culhane?"

"Yanki ɗaya muke wakilta, jirgin ƙasa ɗaya muke hawa shekara da shekaru. Ban taɓa jin ya faɗi magana mai kan gado ba. Hanyar garinmu ya yi alkawarin gyarawa tun ina da baƙin gashi."

"Me ya sami yatsanki, Onarabul?"

Ta dubi filastar da ke babban yatsanta. "Wuƙar burodi. Ko shi ma laifi ne?"

"Wannan rigar fa?"

Sai muryarta ta sauka. "Nuala, matarsa, ta cika jiya. Yau ake zaman makoki."

Ya lura takalmin ƙafarta shimfiɗaɗɗe ne. Wani kuma mai tsini yana leƙowa daga ƙarƙashin tebur.

A ɗan gidan Fintan Mulqueen na bayan tasha Devane ya same shi. Tsohon na zaune cikin rigar aiki, an goge ta tsaf, alhali ba inda za shi. Saura wata biyu ya yi ritaya.

"Ni na yi, yallaɓai," ya ce tun Devane bai cire hula ba. "Kawo takarda in sa hannu."

"Da me ka kwance ta?"

"Da... abin kwance kusa mana."

"Ina take?"

"Na jefa ta a kogi."

"To, madalla. Zuba mini sukari, dattijo, cokali ɗaya."

Fintan ya ɗebo. Hannunsa na karkarwa, kafin cokalin ya kai bakin kofi rabin sukarin ya watse a tebur. Su biyun suka zuba wa sukarin ido.

Tausayi ya kama Devane sosai. "Dattijo, ka san abin da sa hannun nan zai jawo maka? Kotu, kora, kuma fanshonka na cikin haɗari. Duk shekarun da ka yi a bakin ƙofar majalisa, da sunan ɓarawo za a tuna ka."

"Na sani."

"Wa kake karewa?"

"Ba kowa. Shayinka zai huce."

Devane ya fito ransa a jagule. Slattery na matsa wa manyan Devane lamba, su kuma suna matsa masa. In bai kawo wani ba kafin gobe, tsohon nan za a gurfanar, tunda shi da bakinsa ya amsa. Ya tayar da mota ya nufi yamma cikin yayyafi.

Gidan Culhane ya cika ya batse. Motoci da taraktoci sun jeru har bakin gona. An kwantar da Nuala a falo, kyandir na ci a gefenta, mutane sun yi layi suna shiga suna riƙe hannun mijin. Mata na ta zagawa da shayi da burodi da man shanu. Da layi ya ɗan lafa, Devane ya ja Donal gefe.

Ƙaton mutum ne, amma yau kwat ɗinsa ta yi masa yawa.

"Sau biyu na kira Slattery," ya ce. "Na roƙe shi kamar mai bara. Ya ce in ƙuri'ar yanke ƙauna ce ba alfarma, kuma duk nasa da ya zauna ya bar jam'iyya ke nan. Nuala na ji. Ta ce, 'Tashi ka tafi, Donal, kada a ce ni na kayar da gwamnati ina kwance.' Dariya take, ka ji, da ɗan numfashin da ya rage mata. Har na sa kwat, na ɗauki makullin mota."

"Me ya tsayar da kai?"

"Waya. Aka ce mini, 'Koma ka zauna, tsohon maƙaryaci. Rashin ƙuri'arka ba zai yi ciwo ba.' Aka kashe."

"Muryar wa?"

"Ban gane ba. Layin ba kyau."

"Mutum nawa ke kiranka tsohon maƙaryaci?"

Donal ya ɗan murmusa, idonsa ya cika da ƙwalla. "Rabin yankin nan, Insfekta."

Devane ya fita ya tsaya a bakin hanya. Ba a jima ba wata ƙaramar mota ja ta tsaya, Breda Hession ta fito cikin baƙar riga. Ta gan shi, ta tsuke baki.

"Har gidan makoki, Insfekta? Ba ka da ta ido?"

"Fintan Mulqueen ya amsa laifi, ranki ya daɗe. Gobe za a kai shi kotu."

Ta tsaya cak. "Ya amsa me? An ce mini dakatarwa ce ta kwana biyu, ƙura ta lafa a mayar da shi."

"Ya ce shi ya hau kujera ya kwance ta. Mutumin da ba ya iya kai cokali bakin kofi. Kuma ban taɓa ganinsa da takalmi mai tsini ba."

Breda ta dubi ƙasa, ruwa na sauka a gashinta.

"Wawan tsoho," ta ce a hankali. "Wa ya sa shi?"

Ta zagaya ta buɗe bayan motar. Akwai takalman roba na shiga gona, masu taɓo. Ta zura hannu cikin ɗaya ta zaro ƙararrawar tagulla, an naɗe ta da tawul ɗin goge kofi.

"Da wuƙar man shanu na kwance ta, ta zame ta yanke ni. Na ce wa Slattery a gaban kowa, wannan ba siyasa ba ce, rashin imani ne. Ya ce in na zauna in nemi wata jam'iyyar. Ni kuma na ji tsoro, Insfekta, gaskiya ke nan. Jam'iyyar nan ubana ya yi mata wahala har ya mutu. Na so Donal ya zauna da matarsa, na kuma so kujerata. Na ce in ƙararrawa ba ta kaɗa ba, ba mai laifi. Ban yi tunanin dole sai an nemo wanda za a ɗora wa ba."

"Kujerar da kika hau tana rawa. Na gwada ta. Wa ya riƙe miki?"

Ta dube shi ido cikin ido. "Ba kowa."

Devane ya dube ta, ya dubi ƙararrawar. Ya san Fintan ne, amma bai sake tambaya ba.

"Breda Hession, ina kama ki bisa zargin satar kayan gwamnati. Kin san kujerarki ta majalisa ta tafi?"

"Ta tafi tun jiya, yau na sani. Ka kira manyanka yanzu a gabana, a cire sunan Fintan."

Ya kira. Sai da ta ji da kunnenta an ce an janye, kuma tsohon zai koma bakin ƙofarsa ranar Litinin, sannan ta saki ajiyar zuciya.

"Saura abu ɗaya. Ka bar ni in shiga."

Ya bi ta a baya. Ta shiga layi kamar kowa, ba ta tsallake ko mutum ɗaya ba. Ta tsaya kan Nuala ta yi addu'a, ta gyara mata gefen mayafi. Sannan ta miƙa wa Donal hannu.

"Sannu da rashi, Donal."

Ya riƙe hannun da nasa biyu, ya ƙi saki. Layi ya tsaya, ba wanda ya yi ƙorafi.

"Ina riƙe da ita, Breda," ya ce. "Lokacin da kuke can kuna ƙirga kawuna. Ta buɗe ido ta ce, 'Ba ka tafi ba?' Na ce ban tafi ba. Ta ce, 'To, da kyau.' Shi ke nan."

Breda ta sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Har yanzu ba ka gyara mana hanya ba," ta ce da ƙyar.

"Ba zan gyara ba. Me za ki riƙa zagina a kai?"

Ta zare hannunta a hankali ta fito. A bakin motar 'yan sanda ta nufi ƙofar baya, inda ake sa wanda aka kama. Devane ya riga ta, ya buɗe mata ta gaba.