Ruwa a Kan Kwanon Dimaru

"Hane, sa hannu."

Ba ta ɗago ba. Takardar izinin tashi na gabanta, biro na hannunta.

"Masoyiyata... dube ni. Babana ne fa a cikin akwatin nan."

Sai a lokacin ta dubi Kaupa, idanunsa sun yi jawur. Shekara huɗu yana tuƙa ƙaramin jirgin saman kamfaninsu daga garin Goroka zuwa ƙauyukan kan duwatsu, kuma bai taɓa ɗagawa ba sai ita ta auna kaya, ta duba gajimare, ta ji labarin filin da zai sauka, sannan ta sa hannu. A kan teburin nan soyayyarsu ta tsiro. Saura wata biyu danginsa su kawo aladun aurenta, sadakin da al'adarsu ta tanada.

Yau gawar mahaifinsa zai kai ƙauyensu Dimaru, inda filin saukar ciyawa ce zalla a gefen dutse, ƙarshensa kuma rami ne mai zurfi.

"Ban yarda filin ya bushe ba," ta ce a hankali.

"Betsi ta ce ya bushe. Da kunnenki kika ji."

Betsi ce ke riƙe da oba-oban Dimaru. Kowace safiya takan taka filin, ta danna dunduniya a ƙasa, ta faɗa wa Goroka abin da ta gani. Ita ce kuma yarinyar da mahaifiyar Kaupa ta daɗe tana yi masa tanadi, kafin ya je ya ɗauko 'yar bakin teku.

Hane ta sake kira.

"Betsi, ƙara faɗa min, yaya filin?"

"Ƙasa kamar siminti, 'yar'uwa. An gama haƙa kabari, duk gari na jira. Ko dai ke ce ba kya so tsohon ya dawo gida?"

A bayan wannan murya mai zaƙi akwai wata ƙara. A gidan kwano Hane ta girma, babu mai gaya mata yadda ruwan sama yake dukan rufi.

"Ƙarar mece ce wannan?"

"Na'urar ce ta tsufa."

Kaupa ma ya ji. Ta ga ya ji, ta kuma ga ya kawar da kai, abin da ya fi komai yi mata ciwo ke nan.

Mama Ambai, mahaifiyarsa, ta turo ƙofa ba sallama, fuskarta shafe da yumɓun makoki.

"Me ake jira?"

"Mama, ruwa ake yi a can. In taya ta taɓa ciyawar nan santsi zai kwashe su. Gawa ɗaya za a kai miki, ba na so ta zama biyu."

"Au, baki za ki yi wa ɗana? Ke da ba ki taɓa hawa dutsenmu ba, ke za ki gaya min ruwan garinmu?" Ta juya ga ɗanta. "Ka ga abin da ka kwaso mana ko?"

Kaupa ya durƙusa a gefen teburin, ya yi ƙasa da murya.

"Na sauka a Dimaru ya fi sau ɗari. Hane... in kina sona, yau kaɗai."

Hawaye ya zubo mata. Ta ajiye biron.

"Gara ka tsane ni kana numfashi."

Kwana uku aka yi ana ruwa, gawa na mutuware. A Dimaru kuwa jama'ar ƙauyuka bakwai sun taru makoki, kuma ba a barin mai makoki da yunwa. Da dankali ya ƙare aka shiga yanka aladu, waɗanda aka ware domin aurenta, har ba a bar ko ɗaya ba. Duk wanda ya ci naman sai ya haɗa da zagin 'yar bakin tekun da ta tsare tsoho a cikin ƙanƙara. Su kansu da laima suka zo makokin, amma babu wanda ya ce laifin ruwa ne.

A rana ta huɗu Hane ta sa hannu, Kaupa ya kai mahaifinsa. Bayan mako biyu ya dawo a rame, ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Gaskiyarki ne," ya ce. "Na taka filin, har ranar taɓo na kama takalmi. Da na je da ban dawo ba."

"To ka faɗa musu mana."

"Na faɗa. Mama ta yanke gaɓar yatsarta saboda makokin Baba, yadda ake yi a garinmu. Ta rantse ranar da kika shigo gidanmu za ta yanke ta biyu."

"Ni kuma fa, Kaupa? Ni me zan yanke?"

Ya juya ya fita.

Hane ta kai ƙarar Betsi wurin shugabanta, aka ce ba a hukunci da ƙarar kwano, kuma duk Dimaru babu wanda ya iya na'urar sai Betsi. Washegari Betsi ta gama rahotonta, ta ƙara da cewa, "Kada ki riƙe ni a zuci, 'yar'uwa. Na san ba za ki sa hannu ba. Da ban san halinki ba, ai da ban ce filin ya bushe ba."

Kafin shekara ta zagayo aka ɗaura wa Kaupa da Betsi aure.

Hane ba ta bar aikin ba, duk da ƙawaye sun ba ta shawara. In ta tafi, wa zai riƙa sauraron abin da ke bayan muryar Betsi?

Kowace Juma'a jirgin ƙarshe na Dimaru ne, can Kaupa yake hutun mako. Yakan tsaya gaban teburin, ba ya haɗa ido da ita.

"Goroka, filin ya bushe," in ji oba-oba. "Ki ce wa maigidana abinci na jiransa."

Hane ta manna kunne, ta saurara sosai. Babu ƙarar ruwa.

Ta sa hannu, ta tura shi gida wurin matarsa.