Gonar da Mamadu Ya Ƙi Ƙonawa

Nafi na tsugune gindin turmi tana tankaɗe, sai ta ji rugugin moto a ƙofar gida. Ko sallama babu, yayanta Sallau ya faɗo tsakar gida fuska a murtuke.

"Tattara kayanki! Baba ya ce in taho da ke yanzu-yanzu."

"Lafiya, Yaya? Ko jikin Inna ne?"

"Inna ras take. Mijinki ne ya samu taɓuwa!"

Wata takwas ke nan da aurenta da Mamadu, wanda suke son juna tun suna lakol, wato makarantar boko, a Magariya. Bayan biki mahaifinta, Malam Maiwada, ya ba su aron gonarsa ta gabas da garinsu Guci. Gonar nan ce ta jawo fitina. Kowa ya yi shara, ya tara kara ya cinna wuta, amma Mamadu ya ƙi. Ya kwantar da karan ya rufe ƙasa, ya bar tohon gawo da kalgo suna tashi, ya haƙa rami yana tara kashin awaki da shara su ruɓe. Ran kasuwa aka yi ta yi wa Malam Maiwada dariya, wai ya ba raggo ɗiya ya haɗa masa da gona.

Da la'asar Mamadu ya biyo sawun matarsa. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin zaure. Nafi ta laɓe bayan zana tana saurare.

"Kai ne mai juji a gonata?" in ji Malam Maiwada.

"Baba, a yi haƙuri. Malamin gona ne ya koya mana. Karan nan abincin ƙasa ne, in an ƙone shi hayaƙi yake zama, ya hau sama ya ƙara wa duniya zafi..."

"Ka ji shashanci! Hayaƙin gonata ne ya zafafa duniya, ba na masu jirage da masana'antu ba?"

"Nasu ya fi yawa nesa ba kusa ba, Baba. Amma mu asararmu biyu ce, ga zafi ga ƙasa tana mutuwa. Kuma takin zamani..."

"Rufe mini baki! Shekara arba'in ina noma, yau kai za ka yi mini lakol? Ko ka ƙone sharar nan, ko ka rubuto wa ɗiyata takardarta!"

Mamadu ya sunkuyar da kai. "Ba zan iya ko ɗaya ba, Baba."

Nafi ta toshe baki da gyale, hawaye na zuba.

Kwana uku bayan haka tana bakin rijiya da hantsi, ta hango hayaƙi ya turnuƙe gabas. Ta yar da guga ta zura da gudu. Ta tarar da Sallau tsaye da ashana a hannu, wuta tana cin karan gonar Mamadu kamar ana kora ta.

"Yaya, ka ji tsoron Allah!"

"Mutuncin Baba nake wankewa! Matsa, ko in ɓalla ki!"

Ba ta matsa ba. Ta karyo ɗanyen reshen kalgo ta shiga dukan wuta tana ihu, har maƙwabta suka kawo ɗauki. Kafin a kashe, rabin gonar ya zama toka, hannun Nafi na dama ya sale har gwiwa.

Abokan Mamadu suka ce ya kai ƙara wurin jandarma. Ya girgiza kai.

"In kai yayan matata? Da wane ido zan dube ta?"

Nafi ta ci gaba da zama gidan ubanta, ba mai yi mata magana sai da gatse. In ta kawo wa Sallau tuwo ya ture kwanon. In ta gaida Baba ya kau da kai. Saƙo ɗaya ta aika wa mijinta ta salula: "Kada ka sake ni, kada kuma ka ƙone sauran."

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Sai iska mai yashi ta taso ta binne tsiron da ke fili, daga nan sama ta ɗauke kwana goma sha tara. Malam Maiwada ya yi shuka sau uku, iri ya kusa ƙare masa. Wata safiya ya nufi gonar gabas da niyyar karɓe abarsa. Yana isa ya tsaya cak. Gefen da Sallau ya ƙone fayau yake, sai tsiro jefi-jefi da ya yi yaushi. Ɗaya gefen kuwa gero ya kai gwiwa, kore shar. Tsohon ya tsuguna, ya tura hannu ƙarƙashin ruɓaɓɓen kara. Ƙasar da sanyinta, da damshinta. Ya daɗe a tsugune.

Da ya koma gida ya ce, "Nafi, ɗauko mayafinki."

Shi da kansa ya rako ta a ƙafa har ƙofar mijinta, abin da ba a taɓa ganin uba ya yi ba a garin. Mamadu ya fito a ruɗe zai durƙusa, tsohon ya riƙe kafaɗarsa.

"Ga matarka. Mun zalunce ku, ku yafe mana."

Nafi ta fashe da kuka, Mamadu ma ya kasa ɗago kai.

Da kaka, rabin gonar nan da bai ƙone ba kaɗai ya ba da dami fiye da gonar da Baba ya noma gaba ɗaya, ga wake, ga harawar da suka kai kasuwar Dungas, kuma ko tiya ɗaya ta takin zamani ba su saya ba. Nafi ce ta ce a kai dami goma rumbun Inna, aka kai.

Jama'a, kada mu yi saurin kiran sabon abu hauka don kawai bai zo daga bakin manya ba. Ƙasa amana ce, aure ma amana ne, kuma duk wanda ya riƙe su da haƙuri da ladabi, Allah ba zai bar shi ya kunyata ba.