Kayen Yatsu Dubu Uku

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Kabo rahoton satar wani kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko.

A shekarar an shigar da daftarin doka a majalisa, wanda zai hana 'yan takara rabon atamfa, sukari da sabulu lokacin yaƙin neman zaɓe. Mushe Abdoul Aziz, tsohon malamin makaranta (Mushe ake ce wa malamin boko a nan), ya yi wata biyu yana zagaya ƙauyukan Gabi da Safo a kan keke, ya tara dangwalen yatsun mutum dubu uku masu goyon baya. Da la'asar depitoci, 'yan majalisa, za su iso Madarounfa su karɓa. Kayen ya ɓace daga biron ƙungiyar manoma, wato ofishinsu, kuma gari ya riga ya yanke hukunci cewa Mushe ya sayar da shi. A ƙofar biron har an fara tsintar duwatsu.

Kabo ya duba kwaɗon. Ba a fasa shi ba.

"Wa ke da makulli, Mushe?"

"Ni da Barira, shugabar mata. Amma ita ce ta fara dangwalawa."

"To kai ke nan ka rage."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Kabo ya sa aka kai shi komisariya, ofishin 'yan sanda, domin nan ne kaɗai duwatsu ba sa shiga sai da izini.

Alhaji Yusuf, mai shigo da atamfar 'yan takara ta iyakar Ɗan Issa, ya rantse wa Kabo bai taɓa magana da Mushe ba.

"An ga farar motarka a ƙofar gidansa ran Talata," in ji Kabo.

Alhaji ya gyara zama. "To na je. Na yi masa tayi, ya kore ni da tsintsiya. Ranka ya daɗe, me zan yi da kaye? Dokoki nawa aka yi a ƙasar nan? Kowace sai da ta ƙara mini ciniki."

Kabo ya yarda da shi, abin da bai yi masa daɗi ba.

Bayan sallar azahar yana sa takalmi, sai ya hangi takardu cushe a tsagar bangon masallaci, inda mutane kan ajiye duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah. Ya zaro su. Kawunan shafuka ne, an yage su da kulawa, kowanne da Bismillah da rubutun Mushe. Ɓarawon ya halaka kayen, amma bai iya haɗawa da sunan Allah ba. Ya shinshina takardun. Man gyaɗa.

Ya sami Barira a gidanta tana toya ƙuli-ƙuli.

"Inna, yaushe rabonki da biro?"

"Tun ran Alhamis, ɗana."

Ya ajiye takardun a kan tabarma, ya ɗauki ice ya tona tokar murhu. Wayar da ke ɗaure kayen ta fito, baƙa ƙirin.

"Nan da sa'a guda za a jefe Mushe, Inna. Da hannunki ko da na wasu, duk ɗaya ne."

Ta sauke kaskon a hankali.

"Ni na ƙone shi. Ban yi zaton za su taɓa shi ba."

"Alhaji ya biya ki?"

"Wa zai biya ni? Na dangwala, sannan na koma ƙauyenmu na zauna da mata. Shekara biyar ba mu ganin kowa. Sai lokacin zaɓe manya ke zuwa, su zauna a tabarmarmu, mu ce rijiya ta rufta, su rubuta. Sukarin ne ke kawo su. In an hana su kawo shi, me zai sa su biyo hanyar?"

Kabo ya tattara takardun, ya miƙe.

"Ɗauki mayafinki."

"Za a saki Mushe?"

"Yanzu."

Suna fita, jiniyar depitoci ta doso daga hanyar Maraɗi. Barira ta tsaya ta bi jerin motocin da kallo.

"Ka ce musu su leƙo komisariya," ta ce. "Yau dai ina kusa."