Ƙwaryar Goron Alhaji Dodo

Ranar da Rahinatu ta fara ganin Sadiƙ, hannuwanta a jiƙe suke da ruwan goro, ranta kuma a ɓace. Dillalin mahaifinta na Kumasi ya turo saƙo da Ingilishi, mahaifin nata Alhaji Dodo ya tafi masallaci, ita kuwa daga Hausa sai Mosanci sai Faransanci.

"Ko in duba miki?" in ji wani dogon saurayi da ya tsaya sayen goro, hannun rigarsa duk farin alli.

Ta miƙa masa wayar tana harararsa. Ya karanta ya ce, "Wai mota za ta taso ranar Talata, a tanadi ganye."

"Kai kuma a ina ka samo Turancin Ingila a Wagadugu?"

"Shi nake koyarwa, a makarantu uku. Da safe unguwar Pissy, da rana Tampouy, da yamma duk inda aka kira ni."

Ta zaɓo farar goriya ta ba shi ladan fassara. To, tun daga ranar, malam ya zama mai cin goro ƙarfi da yaji. Kullum sai tsohon babur ɗinsa ya lalace daidai ƙofar rumfar Alhaji a unguwar Zongo, ba gaba ba baya. Yana kiranta Goriyata, tana kiransa Malamina, ƙawayenta suna ta yi mata tsiya.

Matsalar ɗaya ce: aljihu. Abin da yake haɗawa a makarantu ukun bai wuce jika ɗari da ashirin, wato sefa dubu ɗari da ashirin, a wata ba, in an yi hutun damina kuma babu ko sisi. Ga Muntari, mai manyan motoci uku a hanyar Lome, tuni ya turo magabatansa.

Rannan da hantsi saƙo ya shigo mata.

"Goriyata, Allah ya yanke mana wahala! Wata makaranta a Librebil, can Gabon, ta ɗauke ni, jika ɗari shida a wata. Wata a Bwake, nan Kodebuwa, ma ta amsa, amma ɗari biyu da hamsin kacal, ban ko kula su ba. Shekara biyu in dawo in gina miki gida."

Maimakon murna, sai ta kife wayar. Ƙasar Gabon ba sunan da ake ambata a gidansu ba ne. Mijin yayarta Dela can ya tafi da albashin da ya girgiza Zongo. Shekara takwas Dela tana zaman jira a ɗakin Inna, ya dawo da akwati ɗaya da agogon hannu.

Ranar Asabar bayan la'asar Sadiƙ ya durƙusa a zaure, ya shimfiɗa takardar aikin gaban Alhaji Dodo. Rahinatu na bayan labule tana saurare.

Alhaji bai taɓa takardar ba. "Nawa ake sayar da kwanon shinkafa a can?"

"Wallahi, Baba, ban tambaya ba."

"Ɗaki fa?"

"Shi ma... amma albashin, Baba, jika ɗari shida ne."

"Na ji." Alhaji ya jawo wani ƙunshi na ɗanyen ganye ya tura masa. "Ƙwarya guda ce, goro ɗari cif. Riƙe. Mu haɗu ranar Juma'a bayan an sauko."

Rahinatu ta dafe bango. Ta san wannan ƙunshin, Inna ta sha ba ta labarinsa. Tun zamanin da kakanninsu ke fatauci zuwa Gwanja, in matafiyi ya nemi 'yarsu, sai a ba shi ƙwaryar goro ba tare da an ce masa komai ba. Ya yayyafa ruwa, ya canja ganye, ya tsince mai tsutsa, ya dawo da shi a cike. Mai iya riƙe goro kwana shida, shi ake ba riƙon 'yar mutane. A kan Dela ne kawai Alhaji ya yafe wannan al'ada, yana cewa zamani ya canja, kuma har yau bai yafe wa kansa ba.

Da baƙo ya fita, Alhaji ya ce, "Fito, na san kina nan. Da safe na ba Muntari tasa ƙwaryar. Ki rantse mini ba za ki gaya wa malamin nan ma'anar goron ba."

"Baba, bai tashi cikin fatake ba. Mahaifinsa direba ne daga Tawa ta Nijar, a Tampouy ya girma..."

"Ki rantse."

Ta rantse, hawaye na zuba.

Ai ko magariba ba a yi ba, Dela ta shigo da gudu, mayafi a hannu. "Rahinatu, malaminki ya haukace! Ga shi can ƙofar masallaci yana rabon goro, wai Baba ya ba shi goron amincewa. Liman ya ci, mai unguwa ya ci, har an shafa fatiha!"

Innalillahi! Sai ga saƙonsa: "Goriyata, duk Zongo ta taya mu murna. Ko ɗaya bai rage ba!"

Ko ɗaya bai rage ba. Ta karanta ya fi sau goma. Daga zaure tana jin muryar Alhaji yana faɗa, abin da ba halinsa ba: "Ni zai ɗaure da igiyar jama'a? Ni?"

Kwana biyu ba ta amsa masa ba, don in ta buɗe baki rantsuwa za ta karye. Shi kuwa sai turo saƙo yake yi.

"Me na yi miki?"

"An ce an ga motar Muntari a ƙofar gidanku. In shi kika zaɓa, ki faɗa mini da bakinki."

Wannan ya yi mata zafi ƙwarai. Tana zaune a rumfa tana juya goro, sai dabara ta faɗo mata. Ta rantse a kan goro, amma ba ta rantse a kan shinkafa ba. Ta rubuta:

"Malamina, ba ni da kowa sai kai. Tambayoyi biyu Baba ya yi maka, ba ka amsa ba. Ka nemo amsarsu. Ka tambayi na Bwake ma."

Shiru har Laraba. Sannan:

"Na je wurin kawuna Ramalan, ya gaya mini abin da na aikata. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ce in sayi wata ƙwaryar a kasuwa in kai, wa zai gane?"

In ta ce kada ya saya, ta shiga maganar goro. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa: "Ka yi abin da za ka iya kallon idona bayansa."

Ranar Juma'a zaure ya cika. Muntari ya rigaya, ya kwance ƙunshinsa, goro ɗari jawur suna sheƙi kamar yanzu aka ɓare su. Gaskiya dai, ya iya. Alhaji ya ƙirga ya gyaɗa kai, Rahinatu na leƙe ta bayan labule.

Sadiƙ ya shigo, babu ƙunshi, sai takarda guda a hannu.

"Ina gorona?"

"Baba, na rabar. Jahilcina ne, ban san al'ada ba, murna ta ɗebe ni. An ba ni shawarar in sayo wani, na ga in na fara shiga gidanku da ƙarya, da me zan ƙare?"

Muntari ya yi 'yar dariya. "Malam, wanda bai riƙe goro yini ɗaya ba, ina zai riƙe jika ɗari shida?"

"Gaskiyarka," in ji Sadiƙ. Ya juya ga Alhaji. "Baba, kun yi mini tambaya na kasa amsawa. Na kira malamai biyu 'yan ƙasarmu da ke Librebil. Ɗaki da falo jika ɗari biyu da hamsin. Ci da sha ya kusa ɗari biyu, don har tumatir daga waje ake kawo musu. Ga mota, ga takardar zama, ga kuɗin jirgi. In mutum ya ƙuntata wa kansa, jika arba'in ce ke raguwa, kuma babu halin tafiya da mata. A Bwake makaranta ce ke ba da gida a cikin harabarta, da abincin rana. Cikin ɗari biyu da hamsin, mu biyu, ɗari da ashirin za ta ragu. Tafiyar yini ɗaya ce a mota."

"To?"

"Jiya na rubuta wa na Librebil na ce na gode, su ba wani."

Wani dattijo ya ce, "Ɗari shida ka mayar, yaro? Tun ba a ba ka yarinyar ba?"

"Ba ɗari shida ba ce, Baba, arba'in ce. Ko an ba ni ko an hana ni, na riga na gane."

Alhaji ya juya wajen labule. Ya ɗaga murya. "Rahinatu! Ke kika gaya masa?"

Ta fito ta durƙusa. "Ban taɓa maganar goro ba, Baba. Shinkafa na tuna masa."

Wani ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya toshe baki. Alhaji bai yi ba.

"Wa kike so?"

Ta sunkuyar da kai. "Wanda zai tafi da ni, Baba. Ba na son zaman da Yaya Dela ta yi."

Nan idon tsohon ya kaɗa. Ya dubi Muntari ya ce, "Ɗana, ka riƙe amana, Allah ya ba ka wadda ta fi ta. Kai tun kana yaro ka san darasin nan. Wannan kuwa cikin kwana shida ya koya, ya kuma biya shi da tsada." Ya ja numfashi. "Sannan liman ya ci goro ya shafa fatiha. Wa zai je ya ce masa ya mayar?"

Muntari ya naɗe ƙunshinsa ya yi sallama. Ransa bai so ba, amma bai yi rashin kunya ba.

Aka ɗaura aure makonni uku kafin a koma makaranta. Dela ce ta fi kowa rawa, tana yi tana share ido.

Ranar tafiya, a tasha, Alhaji Dodo ya zo da kansa, riƙe da sabon ƙunshin ganye. Sadiƙ ya yi saurin miƙa hannu biyu. Alhaji ya kauce masa, ya ɗora ƙunshin a tafin Rahinatu.

"Kai ka je ka nemo. Ita ta riƙe."

Tasha ta ɗauki dariya, ango ya fi kowa. Sai tsohon ya dafa kawunansu su biyun.

"Allah ya yi muku albarka. Ya sa abin da za ku dawo da shi ya fi abin da kuka tafi da shi."

Mota ta tashi. Rahinatu ta rungume ƙunshin a cinyarta tana ɗaga wa mahaifinta hannu har ya ɓace mata. Sadiƙ ya matso ya rage murya.

"Goriyata, ɗan ba ni guda ɗaya mana, in ba direba."

"Malamina," ta ce, ta ƙara ƙanƙame ganyen, "ko rabi."